Ƙafa Biyu a Kan Feda: Kiɗan Ralph Mooney da Rubutun Waƙarsa

Duk wanda ya taɓa sauraren waƙoƙin kantiri na Amurka, ko da irin na Don Williams ne da gidajen rediyon Najeriya suka daɗe suna sakawa, ya ji wani sauti a bayan mawaƙi wanda ke lanƙwasa, ya hau, ya gangaro, ba a ji inda ya taka ba. Da yawa sukan ɗauka jitar da ake ratayawa a kafaɗa ce. Abin kiɗan daban ne, sunansa fedal-sitil. A zaune ake kaɗa shi, kuma hannu biyu da ƙafa biyu da gwiwa biyu duk aiki suke a lokaci guda. A Najeriya ma an ji shi a wajen kiɗan kantiri, domin Demola Adepoju ya kaɗa shi a ƙungiyar King Sunny Ade, kuma shi ne sautin da ke zamewa a cikin faifansu na 1982 da ya shiga kasuwannin Turai da Amurka.

A cikin gwanayen wannan abin kiɗa, Ralph Mooney yana da gurbi nasa shi kaɗai. An haife shi a garin Duncan na jihar Oklahoma a 1928, ya koma Kalifoniya tun yana yaro, ya rasu a Teksas a watan Maris na 2011. Masu yabon fedal-sitil yawanci kukanta suke yabo, wato dogon sautin nan mai jan zuciya. Mooney ya iya wannan, amma gwanintarsa ta fi fitowa a wurare biyu da kunnen da bai saba ba yake tsallakewa: yadda sauti ke farawa, da daidai lokacin da ake kashe shi. Kuma wannan sanin na inda ake magana da inda ake shiru shi ne ya bayyana a “Crazy Arms”, waƙar da ya rubuta wadda ta fi kowace tasa shahara.

Sai an san ginin abin kafin a gane abin da ya yi da shi. Jikin fedal-sitil akwati ne mai tsawo, na katako da alminiyom, a kan ƙafafu huɗu. A samansa an shimfiɗa tsirkiyoyin ƙarfe goma, tsawon da ke kaɗawa kimanin inci 24, wajen santimita 61. Wasu suna da jeri biyu, goma-goma, kowane da saitinsa. Ba a danna tsirkiya da yatsa. Hannun hagu yana riƙe da sandar ƙarfe mai santsi, mai mulmulallen kai, kaurinta bai kai inci guda ba, tsawonta ya ɗan haura inci uku. Inda aka ɗora sandar, nan tsirkiya ta ƙare. Layukan da aka zana a ƙarƙashin tsirkiyoyin alama ce ga ido kawai, babu abin da ke tokare sauti ya tsaya a kansu. Ta nan ta fi kusa da goge: kunne ne ke gaya wa hannu ya isa ko bai isa ba. Hannun dama yana sanye da farcen roba a babban yatsa da farata biyu na ƙarfe a manuni da ɗan tsakiya. Ƙafar dama tana kan fedar da ke ƙara ƙarfin sauti ko rage shi. Ƙafar hagu tana kan fedoji uku masu sauya ɗaurin tsirkiya, gwiwoyi kuma suna tsakanin libobi huɗu ko biyar da ke rataye a ƙarƙashin akwatin.

Idan aka taka feda, takan ja rodi na tsaye, rodin ya juya wata sanda da ta gitta cikin akwatin, sandar ta ja siririn rodi na kwance, shi kuma ya karkata ɗan ƙarfen da gindin tsirkiya ke maƙale a kai. Karkatar ce ke ƙara ɗauri ko sassauta shi. A ƙarshen kowane siririn rodi akwai ɗan noti na roba, da shi ake saita iyakar inda sautin zai kai.

Asalin kaɗa jita a kwance da sandar ƙarfe daga tsibiran Hawai ne, a ƙarshen ƙarni na 19. Lantarki ya shigo a shekarun 1930, kuma Leon McAuliffe na ƙungiyar Bob Wills, wanda Mooney ya taso yana saurare, yana cikin waɗanda suka sa matasan kudu maso yammacin Amurka suka kwaɗaitu da ita. Fedoji sun riga 1950 zuwa, Paul Bigsby ya ƙera wa Speedy West mai feda tun 1948, amma amfaninsu a lokacin shi ne sauya saiti a ɓoye, kada a ji motsin. Bud Isaacs ne ya juya lamarin a 1953, a waƙar Webb Pierce mai suna “Slowly”, inda ya taka feda alhali tsirkiyoyi na cikin kaɗawa. Aka ji sauti biyu suna hawa, na ukun yana tsaye inda yake. Sanda kaɗai ba ta iya haka, domin idan ta motsa, kowa da kowa ya motsa tare. Bayan fitar waƙar makaɗa suka shiga fasa jitocinsu suna ɗaura musu fedoji da duk ƙarfen da suka samu, kuma Mooney ma da jitar da ya yi wa irin wannan ƙira da hannunsa ya fara.

A tsarin kiɗan Turai ana kiran sautuka da haruffa daga A zuwa G, alamar # kuma na nufin an ɗaga sauti da rabin taki. Sautuka uku da suka dace da juna aka kaɗa su tare, mu kira su dami. Saitin da kiɗan kantiri ya zauna a kai ana ce masa E9, kuma daga tsirkiya ta ɗaya, wadda ta fi nisa da makaɗi, zuwa ta goma, haka suke: F#, D#, G#, E, B, G#, F#, E, D, B. Feda ta farko tana ɗaga ta 5 da ta 10 daga B zuwa C#, taki guda. Ta biyu tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A, rabin taki. Ta uku tana ɗaga ta 4 zuwa F# tare da ta 5 zuwa C#. A kaɗa ta 4 da ta 5 da ta 6 ba feda, damin E ke nan. A taka feda ta farko da ta biyu tare, ya zama damin A, hannu bai motsa ba.

Amfanin wannan a aikace yana da sauƙin gani. Yawancin waƙoƙin kantiri dami uku suke yawo a kai: na gida, na huɗu da na biyar. A ce waƙa tana kan G. Sanda a layi na 3 ba feda, G ne. A taka fedoji biyun a nan, C ne. A matsa zuwa layi na 5 da fedojin a take, D ne. Ko kuma a tafi sama: layi na 10 da fedoji biyu G ne kuma, a sake su ya zama D, a gangaro layi na 8 ba feda ya zama C. A layi na 6, feda ta farko haɗe da libar da ke ɗaga E zuwa F suna ba da G na uku. Dami ɗaya ne a wurare uku, amma kowane wuri da sautin da ke zama a samansa, kuma hanyar da aka bi daga wani zuwa wani ita ce kiɗan. Makaɗa biyu za su iya sauka a dami ɗaya a lokaci ɗaya, a gane kowannensu ta hanyar da ya biyo.

Wannan jerin na tsirkiya goma ba mutum ɗaya ya tsara shi ba. Buddy Emmons ya raba fedar Isaacs gida biyu a 1956, Jimmy Day ma ya yi haka amma ya juya jerinsu, shi ya sa har yau ake tambayar makaɗi ko tsarin Emmons yake bi ko na Day. Emmons ya ƙaro F# da D# na sama a farkon shekarun 1960, libar da ke kai E zuwa F kuma an fi danganta ta da Lloyd Green. Abin da masu bin tarihin abin kiɗan suke danganta wa Mooney shi ne G# na sama, wato tsirkiya ta 3 a yau. Kafin ita, E ne rufin saitin. Da ta hau bisa E, sai motsin rabin taki daga G# zuwa A ya koma can ƙololuwa, inda kunne ya fi saurin kamawa. Rabin taki tazara ce mai tsami: idan aka ɗaga ta a kan damin gida, kunne yakan ƙagu ta dawo. Mooney ya gina kaso mai yawa na salonsa a kan wannan ƙaguwa. Yakan taka, ya saki, ya sake takawa da sauri, sautin ya riƙa tsalle a wuri ɗaya.

Tsirkiyar tana da tsada ta wata fuska. Kaurinta yawanci kashi 11 ne cikin dubu na inci, kuma a G# ma ta riga ta kusa iyakar abin da za ta iya ɗauka. Ɗaga sauti da rabin taki yana ƙara ɗauri da kusan kashi 12 cikin ɗari, taki guda kuma da kusan kashi 26. Kowace takawa tana lanƙwasa ta a kan ɗan ƙarfen gindi, kowace saki tana miƙe ta, har ƙarfen ya gaji ya tsinke, kuma kusan kullum a wannan wurin yake tsinkewa. Idan tana yawan tsinkewa fiye da ƙima, a duba saman ɗan ƙarfen, sau da yawa tsohuwar tsirkiya ta sassaƙa masa ɗan rami mai kaifi, sai an goge shi ya yi santsi. Ƙwararru ba sa jira ta tsinke, sukan sauya ta kafin babban wasa.

Yanayin da Mooney ya yi aiki a ciki ya taimaka wajen kaifafa sautinsa. Fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 sun kori dubban iyalai daga Oklahoma da Teksas da Arkansas zuwa Kalifoniya, suka cika gonakin auduga da filayen haƙar mai na kewayen Bakersfield da unguwannin ma'aikata na Los Angeles. Mashayun da suke taruwa wurare ne na hayaniya da rawa. Sauti mai kauri da taushi nutsewa yake a irin wannan wuri, mai kaifi ne ke ratsa surutu ya isa bangon baya. A daidai lokacin, a Nashville, cibiyar kasuwancin kiɗan kantiri, masu shirya faifai irin su Chet Atkins da Owen Bradley suna rage sitil da gogen ƙauye suna cika waƙa da taron 'yan amshi da jerin biyolin domin jawo masu saye na birni. Kalifoniya ta bi wata hanya. A kamfanin Capitol, Ken Nelson yakan bar ƙungiya ta yi kiɗanta kusan yadda take yi a mashaya, da jitar Telecaster da ganguna a fili. Mooney ya fara suna tare da Wynn Stewart, daga nan ya kaɗa a faya-fayen Buck Owens na farko da suka karɓu a 1959 zuwa farkon shekarun 1960, sannan na Merle Haggard. Jitar Fender da ya yi amfani da ita a wani ɓangare na wannan zamani tsirkiya takwas-takwas gare ta, kuma wayoyi ne ke jan fedojinta maimakon rodi. Sautinta siriri ne mai haske, ya dace da hannunsa.

To, me hannun yake yi? Abu na farko shi ne wurin tsinka, wato inda farce ke bugun tsirkiya. Idan aka tsinki tsirkiya can tsakiya, sauti yakan fito a dunƙule. Idan aka matso kusa da gindi, ƙananan amo na sama sukan yi yawa, sautin ya yi kaifi. Mooney yana tsinka da ƙarfi, kuma yana barin a ji cizon farce. Wannan ya saɓa wa abin da ake koya wa ɗalibai da yawa, wato a rage fedar ƙarfin sauti kafin tsinka, sannan a tura ta a hankali, sauti ya ɓullo ba a ji mafarinsa ba. Waccan dabara ita ke haifar da kukan da aka san sitil da shi. Shi kuwa yakan bar mafarin a buɗe, domin a nan kari yake.

Abu na biyu kashe sauti. Tsirkiyar fedal-sitil tana daɗewa tana amo, kuma idan ba a kashe na baya ba kafin a tayar da na gaba, sai su cakuɗe. Hanya biyu ake bi. Ko dai gefen tafin hannun dama ya sauko ya taɓa tsirkiyoyi tsakanin sauti da sauti, ko kuma farcen da ya tsinka ya koma ya zauna a kan tsirkiyarsa a daidai lokacin da wani farcen ke tsinkar tasa. Yatsun hagu biyu na ƙarshe kuma suna kwance a bayan sanda domin kada ragowar tsirkiya ta yi ƙara. A kiɗan Mooney sautuka gajeru ne, an datse wutsiyar kowane, kuma ɗan shirun da ke tsakaninsu yana da tsawon da aka auna. Shi ya sa jimlolinsa suke da tsalle ko da waƙar mai sanyi ce. Wannan ne ɓangaren da ya fi wuyar kwaikwayo, domin ana iya rubuta wa ɗalibi lambar tsirkiya da lambar layi da fedar da zai taka, amma tsawon shiru sai kunne.

Na uku ƙafafu. An san shi da ɗauke ƙafar dama daga fedar ƙarfin sauti ya kawo ta kan fedojin ɗauri, ya riƙa aiki da ƙafa biyu. Wannan yana ba shi haɗin fedojin da ƙafa ɗaya ba za ta kai ba, amma yana nufin a wannan lokacin babu abin da zai ɓuya a bayansa. Ƙarfi da sanyin kowane sauti daga yatsa zai fito.

Waƙar Haggard ta 1966, “The Bottle Let Me Down”, wuri ne mai kyau na gwada kunne, domin dami biyu kacal gare ta, na gida da na biyar. Babu wani yawo na dami da zai ɗauke hankali, don haka duk abin da sitil ta ƙara daga kari ne da wurin shiga. A saurara a ƙarshen kowane layi, lokacin da mawaƙi ya ja numfashi. Giɓin bai wuce bugu uku ko huɗu ba. Mooney yana shiga bayan kalmar ƙarshe ta sauka, ya faɗi abu ɗaya, ya fice kafin kalmar farko ta layi na gaba. A ƙarƙashin murya kuwa, ko ya yi shiru ko ya koma can ƙasa. Dalilin ba ladabi kaɗai ba ne. Sitil da muryar mutum suna zaune a fage ɗaya na sauti, kuma dukansu biyu zamewa suke daga sauti zuwa sauti. Idan suka yi tare, ƙaramin saɓani a tsakaninsu yakan sa a ji kamar mawaƙin ne ya kauce, laifin ya hau kansa a banza.

Maganar kaucewa ta kawo mu ga ciwon kan duk mai wannan abin kiɗa, wato saiti. Idan aka raba rabin taki gida ɗari, sautin tsakiyar dami, kamar G# a damin E, ya fi daɗin ji idan ya sauka da kusan kashi 14 ƙasa da inda piyano ta ajiye shi. Don haka makaɗa da yawa sukan sassauta G# da C# kaɗan da gangan. Amma gyara nan ɓata can ne. F# na tsirkiya ta 7 yana son ya dace da B idan ba feda, yana kuma son ya dace da C# ɗin da aka sassauta idan an taka, kuma ba zai iya gamsar da su biyun ba. Wasu sukan tsaya tsakiya, wasu su ƙara ɗan rodi da ke gyara shi idan an taka. Sannan akwatin kansa yana ba da kai: idan fedoji biyu suka ja tsirkiyoyi huɗu, jikin yakan ɗan lanƙwasa, E ɗin da ba a taɓa ba su sauka kaɗan. Akwai kuma tsirkiyar da aka sassauta da liba ta dawo sama da inda ta tashi, saboda ta maƙale a kan ƙananan tayoyin da take bi a can kai, wanda ɗigon mai marar kauri kan rage. A kan duk wannan sai a ɗora kuskuren sanda. Tazarar layi na 12 da na 13 kimanin milimita 17 ce kawai, don haka kaucewar milimita biyu ta kai kusan kashi 12, kuma ido yana yaudara domin tsirkiya tana sama da layin, makaɗi kuma a karkace yake kallo. Mai dogon sauti yana da damar ya gyara da ɗan girgiza sanda kafin a farga. Mai gajeren sauti irin na Mooney ba shi da wannan dama, dole ya sauka daidai tun farko.

Yanzu rubutun waƙa. “Crazy Arms” tana ɗauke da sunan Mooney da na Chuck Seals. Shi da kansa ya sha faɗa cewa a 1949 ya fara ta, a Las Vegas, a wani lokaci da shan giya ya sa matarsa ta yi yaji. An ɗauke ta a faifai a Kalifoniya ba ta je ko'ina ba, sai da Ray Price ya ɗauke ta a Nashville a 1956. Ta yi mako 20 a saman jerin waƙoƙin kantiri, a shekarar da Elvis Presley da sabon kiɗan matasa suke kwashe kasuwa har ana ganin kiɗan mashaya ya gama yayi. Jerry Lee Lewis ma da ita ya buɗe faifansa na farko a kamfanin Sun a ƙarshen wannan shekarar, Patsy Cline ta rera ta daga baya.

Adalci ya sa a raba abin da ke na wa. Karin da ya sa waƙar ta girgiza filin rawa na Price ne da makaɗansa: maimakon jitar bes ta buga sau biyu a kowane awo, wato kowane rukunin bugu huɗu, kamar yadda aka saba, sai ta riƙa takawa sau huɗu, tana tafiya daga sauti zuwa sauti, har aka riƙa kiran wannan kari da sunan Price. Mooney bai ma kaɗa a wannan faifan ba. Abin da marubuci ya kawo shi ne ƙashin waƙar, kuma ƙashin na mutumin da ya daɗe yana zaune a bayan mawaƙa ne. Dami uku ne kawai. Baiti da amshi kusan turba ɗaya suke bi, don haka wanda ya ji rabin waƙar ya iya sauran. Layukan suna ƙarewa da dogon wasali da mawaƙi zai iya riƙewa, muryar ɗan amshi ta hau kansa, sannan a bar fili kafin layi na gaba, filin da ya ishi goge ko sitil su ba da amsa. Dabarar maganar ma a taƙaice take: mutum ya ɗora wa hannuwansa haukar son wadda za ta auri wani, kamar shi da hankalinsa sun haƙura, gaɓoɓin ne suka ƙi ji.  Waƙar da aka gina haka tana jure sauyin riga, shi ya sa ta zauna daram a bakin Price da karin rawa, ta kuma zauna a kan piyanon Lewis mai gaggawa.

Mooney bai yi yawan rubutu ba. Johnny Rodriguez ya samu karɓuwa da wata waƙarsa a 1983, kuma ya yi rubutu tare da Marty Stuart a faifan 2010 da aka ɗauka a tsohon ɗakin RCA na Nashville, inda ya kaɗa “Crazy Arms” da sitil ba murya yana da shekara tamanin da 'yan kai. Amma auna shi da yawan waƙoƙin da ke ɗauke da sunansa zai ɓoye wani abu game da sana'ar. Makaɗin da aka kira ɗakin ɗaukar waƙa kuɗin zama ake biyan sa, sau ɗaya. Marubuci kuwa yana samun rabo duk lokacin da aka sayar da waƙar, aka saka ta a rediyo, ko wani ya sake rera ta. Alhali a waƙoƙin kantiri da yawa, 'yan sautukan buɗewa da makaɗin sitil ya ƙirƙira nan take su ne abin da mai saurare ke gane waƙar da shi tun kafin a buɗe baki. Ƙirƙira ce ta gaske, da farko da tsakiya da ƙarshe a cikin awo huɗu, amma ba a rubuta sunan mai ita a gefen faifai a matsayin marubuci. Da za a lissafa irin waɗannan, rubutun Mooney ya ninka abin da takarda ta nuna.

A 1970 ya shiga ƙungiyar Waylon Jennings, ya zauna kimanin shekara ashirin. Kiɗan Jennings yana da nauyi a ƙasa, ganga da bes suna dukan ƙasa tare, kuma a ƙa'ida sitil mai taushi za ta ɓace a ciki. Ta Mooney ba ta ɓace ba, domin tana zaune can sama inda babu mai gasa da ita, kuma gajerun sautukansa suna faɗawa tsakanin bugun ganga. “Rainy Day Woman” ta 1974 ta isa shaida: sitil ce ke jan waƙar, kusan kafaɗa da kafaɗa da murya. A faya-fayen wasan kai tsaye ana jin Jennings yana kiran sa da laƙabinsa, Moon, idan lokacinsa ya zo. A 1983 aka sa shi cikin jerin gwarazan sitil da ake karramawa a lokacin a birnin St. Louis.

Yana da iyaka, kuma ɓoye ta ba yabo ba ne. Emmons ya mallaki jeri na biyu, saitin C6 mai damuna masu kauri, har ya yi faifan jaz a New York a 1963. Lloyd Green yana da tsabta da tsarin jimla da suka dace da kowane irin mawaƙi. Mooney bai yi wannan faɗin ba. Taskarsa ƙarama ce idan aka gwada da tasu, kuma wanda ya jera faya-fayensa zai ji wasu juye-juye suna dawowa. Sai dai ƙaramar taskar tasa ce ta kansa, ana gane shi cikin sauti uku, kuma a sana'ar da ɗaruruwa suka koyi jimloli iri ɗaya daga malamai iri ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu son koyon salonsa a jitar zamani sukan yi tuntuɓe a wurare sanannu. Na farko su ƙure kaifi a amfilifaya, sautin ya zama tsini mai huda kunne, alhali hasken nasa daga farce da wurin tsinka yake fitowa. Na biyu su cika amsa-kuwwa, ita kuma ta toshe ɗan shirun da salon ya dogara a kai. Na uku feda ta uku: a tsarin yau tana ɗaga ta 4 da ta 5 tare, don haka mai neman E ya hau F# shi kaɗai a kan B da ke tsaye sai ya kauce wa ta 5 ko ya sa a ware masa wannan ɗagawar a wata liba. Sai saurin ƙafa. Feda tana da tafiya daga sama zuwa inda take tokarewa, kuma duk abin da ke tsakani ana jin sa. A taka a hankali, kuka ne. A taka da sauri har ƙasa, tsalle ne. Wanda ya tsaya rabin hanya saboda gudun kada ƙarfe ya yi ƙara zai samu sautin da bai kai A ba kuma ya bar G#, kuma gyaransa shi ne a rage tsawon tafiyar fedar a ƙarƙashin akwati, a daidaita tsayinta da idon sawu, sannan a yi ta maimaita motsin da na'urar ƙidayar bugu a hankali kafin a ƙara gudu.